Takardar da ke ƙarƙashin kujerar Mushe Gado

Ban taɓa mantawa da ranar da Mushe Gado ya kawo mini motarsa ba, kuma ko na so in manta, kunya ba za ta bar ni ba. A 2010 ne, 'yan makonni bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai, lokacin da kowa a Filinge kunnensa na kan rediyo. Ni ne shugaban garajinmu na bayan tasha, shekarata ashirin da 'yan kai ina aikin wayoyin mota, har daga Sanam da Damana ake nemana. Kaina ya yi girma, gaskiya ke nan.

Mushe Gado shi ya koya mini karatu a lakwal, wato makarantar boko, inda muke ce wa malami Mushe. Ya yi ritaya tuni. Kunnensa na dama dama can bai ji sosai, tun muna aji mun san ta wannan gefen ake yin raɗa. Da na hagu yake rayuwa. Ɗansa Isufu da ke aiki a Kwatano ya aiko masa da tsohuwar motar Turai, irin mai kujerar da ake matsarwa da maɓalli. Kujerar ta maƙale can baya, shi kuwa Mushe gajere ne, sai ya tara matasai biyu kafin ƙafarsa ta kai birki.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, bari in yi bayani. Irin waɗannan kujeru, a gefensu na wajen ƙofa akwai jakar iska a naɗe, wadda muke ce wa erbag. Wayoyinta na bi ta ƙarƙashin kujera, kusa da na injin da ke matsar da ita, amma jonarsu, wato mahaɗin wayoyin, ruwan ɗorawa ce. Ƙa'ida ita ce a kashe mota, a zare makulli, a cire kan batir, a jira kamar minti goma wutar da ta saura ta mutu. Ba a barin kowa a zaune, kuma ba a taɓa jonar nan da ƙwan gwaji, wato ƙwan fitilar da muke gwada wuta da shi, don 'yar wutar ƙwan ta isa ta tayar da jakar.

Da na ɗauki sufana zan cire batir, sai Mushe ya riƙe mini hannu. Ya ce an gaya masa in aka cire batir rediyon motar kullewa take yi, sai da lambar sirri, lambar kuwa ta tsaya can Turai wajen mai motar na farko. Shi kuma cikin motar nan yake zama ƙarƙashin dalbejiya yana sauraren labarai. Maganarsa gaskiya ce. Abin da ya kamata in ce masa shi ne rediyo ba ta kai rai ba. Amma ina so malamina ya ga ɗalibinsa ya zama gwani, sai na yi dariya na ce ai mu da muka tsufa a kan Fijo, da wuta muke aiki.

Na sa shi ya zauna yana danna maɓallin, ya karkata hagu don hannunsa ya kai. Ni kuma na kwanta ta ƙofar baya, na zura kai ƙarƙashin kujera. Na ga wata takarda ruwan ɗorawa manne a jikin ƙarfe. Wallahi na gan ta, har na karanta layin farko, na kau da ido. Na shiga tsikarin wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ƙwan gwaji, yadda na saba.

Ƙarar da na ji, ko bindigar toka albarka. Mota ta cika da hayaƙi da farin gari. Da na fito, Mushe na dafe da kunnen hagu, jini na bin yatsunsa. Mutane suka taru. Wani tsohon direba ya tambaye ni mi ya faru, ni kuwa kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce tsofaffin motocin nan haka suke, su fashe da kansu, duk wanda ya sayi wannan an cuce shi.

A likita aka ce dodon kunnen ya fashe. Ya warke, amma jin bai dawo ba sai kaɗan. Abin da ya fi ci mini rai, na ji labarin Mushe ya kira Isufu ya yi masa faɗa, ya ce ya aiko masa da ajali. Wata guda ina canza hanya don kada in bi ta ƙofar gidansa.

Ran nan da hantsi sai ga motar, maƙwabcinsa ne ya tuƙo. Mushe ya fito, ya amsa gaisuwata ba yabo ba fallasa, ya ja ni gefe inda ba mai jinmu. Ya buɗe tafin hannunsa. Takardar ce, ya ɓamɓaro ta.

"Hamidu, karanta mini. Ka ɗaga murya, ka san yanzu ba ni ji."

Na karanta, da Faransancin da shi ya koya mini: a cire batir kafin a taɓa wannan jona. Ya tambaye ni ko ranar na gan ta. Na ce na gani, Mushe.

"Ni na hana ka cire batir, wannan laifina ne. Amma ni ban san abin da ke ƙarƙashin kujera ba, kai ka sani. Kunne ya tafi, na bar wa Allah. Isufu kuwa kai za ka kira, ka gaya masa da bakinka."

Ya miƙo mini wayarsa, na kira Isufu a gabansa, na gaya masa laifina ne. Ban taɓa jin ƙasa ta ƙi tsagewa ba irin ta ranar.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, ku da kuke tasowa. Mai mota yana roƙon abin da bai san haɗarinsa ba, kai da ka sani kai ke da nauyin cewa a'a, ko da malaminka ne, ko da mahaifinka. In kuma hannunka ya yi ɓarna, kada ka ɗora wa wanda ba ya nan.

Ranar na gyara kujerar. Da na ɗauki sufana na nufi batir, na waiwaya na ce masa da ƙarfi rediyon fa za ta kulle. Ya juyo mini da kunnen dama, na sake faɗa.

Ya ce, "Cire, Hamidu. Da wane kunnen zan ji ta?"