Tsohuwar da Danladi Ya Bari a Wemtenga

Shekara biyar ke nan cif da muka binne Danladi mai raguna, kuma har yau in na tuna shi, haushi ne ke fara zuwa mini kafin kewa. Ba da shi nake fushi ba. Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, har da shi ɗin, don ya tafi ya bar mini wata magana a kunne da ta hana ni sakat.

Ni ba malami ba ne. A aji huɗu na bar lakwal na bi kamyo, babbar motar kaya, na yi shekaru ina tuƙi tsakanin Wagadugu da Yamai har bayana ya ce ya gaji. Mai neman rubutu mai ado ya juya shafi. Abin da na gani da idona zan faɗa.

Danladi mutumin Dogon Dutsi ne, kuma shi da matarsa kaɗai ne Kiristoci a lungunmu na Zangon Wagadugu, a zamanin da akwai Zangon. Gidan haya ɗaya muka zauna, ƙofa na kallon ƙofa. Sana'arsa kiwon ragunan da mu Musulmi za mu saya mu yi layya da su. Ni ina ce masa limamin tumaki, shi yana ce mini Shofer, wato direba. Ban taɓa ganin ya sa loma a baki kafin dabbobinsa su ci ba. Matarsa Maryamu za ta ajiye masa benga, shinkafa da waken nan, har ya huce, shi yana can tsugune yana dama dusa. Ba ya ƙirga su kamar sauran mutane. Kowanne da sunansa, sai ya kira shi, ya shafa masa wuya, ya duba ƙafa. In ɗaya ya ɓace kuwa, ba ya yawon tambaya. Kai tsaye yake tafiya famfon bakin lungu inda yake shayar da su, ya zauna. Ya ce mini dabba in ta rikice, wurin da ta saba shan ruwa take komawa.

Yana da littafin addininsu da ya naɗe da takardar buhun siminti. Karatunsa bai fi nawa ba, da yatsa yake bi. Bayan la'asar yakan zauna a benci ya buɗe, ni kuma ina tsokanarsa. Akwai wuri guda da ya fi so, har na haddace ma'anarsa ba da son raina ba. Wai Allah ya aiko wani annabi ya yi wa shugabannin mutanensa faɗa, ya kira su makiyaya masu kiwon cikinsu. Suna shan nonon, suna sa ulun, suna yanka mai ƙiba, amma mai rauni ba su tallafa ba, mai karaya ba su ɗaura ba, wadda ta ɓace ba su bi sawunta ba. Kuma wai mai garken ya ce da kansa zai zo ya karɓi tumakinsa daga hannunsu.

Nakan ce masa, "To limamin tumaki, wannan ai fastocinku ake nufi."

Shi kuma ya ce, "Har da naku, Shofer. Ba a rubuta ban da masu rawani ba."

Da wasa muke yi. Ba mu san za mu ga abin a gabanmu ba.

Da maganar gwamnati za ta rushe unguwar Zango ta taso, kowa ya san yadda aka yi, ba sai na maimaita ba. Akwai dattawan da suka tsaya da mutanensu har ƙarshe, Allah ya saka musu. Ba su nake nufi ba. Ina maganar mutum uku ne na kusa da mu: limamin ɗan masallacin lungunmu, da faston ƙaramar majami'ar da Danladi ke zuwa a unguwar Kamsaoghin, da konseyen da muka zaɓa, wato kansilanmu. Ba zan kama suna ba, sun san kansu. Liman ya tsaya bayan sallah ya ce shi ne zai zama na ƙarshe da zai fita daga lungun nan. Fasto ya gaya wa su Danladi kada kowa ya ji tsoro, yana tare da su. Konseye ya ce ko mutum ɗaya ba za a bari a baya ba. Da ranar ta matso, liman ne na farko da ya ɗaure kaya. Fasto ya bi masu hali na majami'arsa zuwa sabuwar unguwa, ya bar 'yan haya su san inda za su sa kansu. Konseye kuwa salularsa ta daina shiga.

To ga wadda nake wannan rubutu dominta. Iya Sa'a tsohuwa ce mutuniyar Tawa, ta zo Zango tun tana amarya, mijin ya rasu, babu ɗa babu jika, daga baya ido ya tafi. Ita ce ke wankan gawar mata a lungunmu. Babu gidan da hannunta bai shiga ba ranar kuka. Ita ta wanke uwar liman. Ita ta wanke uwata. A ɗakin zauren gidan liman take zaune tun zamanin mahaifinsa. Yaran da aka haifa a birni ba za su gane nauyin wannan ba. A al'adar Zango, baƙo ba ya zama babu maigida, kuma wanda ya sauke ka shi ne da kai, cinka da ciwonka da likkafaninka. In ya mutu ɗansa ya gaje ka kamar yadda ya gaji ɗakunan. Liman ya gaji Iya. Da zai tashi sai ya ce mata sabon gida bai ƙare ba, ta zauna, za a aiko a ɗauke ta.

Kowa ya watse. Wasu unguwar Wemtenga, wasu bayan gari, wasu gida Nijar. Kwana uku da tashinmu, Danladi ya iske ni da hantsi ya ce, "Shofer, ina Iya?"

Na ce tana wurin liman mana.

Ya ce, "Ka gan ta can?"

Ban amsa ba. Ya ari amalanken jaki muka tafi. Lungun babu shi, katafila ta bi ta kai, ko inda ƙofarmu take ban gane ba. Ni na fara cewa mu je meri, ofishin magajin gari, mu tambaya, mu je likita mu duba. Shi ko kallona bai yi ba. Ya ja jakin ya nufi inda famfon yake dā. An cire famfon, sai guntun bututu. Ga Iya zaune kan bulo a gefensa, da butarta a hannu. Wasu matan Mosi masu sayar wa leburori abinci ne suke sam mata.

Ta ji motsi ta ce, "Wa ke nan?"

"Danladi ne, Iya."

"Mai warin tumaki? Liman ne ya aiko ka?"

Na buɗe baki zan faɗi abin da ke raina, ya taka mini ƙafa. Ya ce, "E, Iya. Tashi mu je."

Ɗaki da rumfa ya kama a Wemtenga, babu wurin dabbobi, ya riga ya sayar da yawancinsu. Rumfar ya kewaye da langa-langa ya koma ciki shi da matarsa, ya ba Iya ɗakin. Bai cika shekara a can ba ciwon ƙirji ya kwantar da shi, sati biyu, shi ke nan. Mutumin da ya saba tashi da kukan raguna ne aka kai shi inda babu ko ɗaya. Ni dai haka na fassara abin, likita ya faɗi nasa.

Wani lokaci nakan bi ta tsohon Zango in tsaya in ce, da Danladi zai leƙo yau, me zai ce? An ce mana manyan benaye za a yi. Akwai 'yan kaɗan. Sauran fili ne fetal, ciyawa har gwiwa da damina, awakin mutane na ci. Na san dariya zai fara yi, ya ce an kori mai raguna an shuka masa ciyawa. Daga nan ya tambayi mutane ɗaya ɗaya da sunansu, kamar yadda yake yi wa dabbobinsa. Rabinsu ba zan iya gaya masa inda suke ba.

Maryamu ce ta riƙe Iya duk shekarun nan biyar, da ɗan tumatir da albasar da take kasawa a kasuwar Sankaryaare. Mace Kirista, ita ke ɗora wa tsohuwa ruwan alwala, ita ke juya ta ta fuskanci gabas. Kuma abin da ke ƙona mini rai, har yau Iya in ta idar da sallah, liman take sa wa albarka, wai mutumin kirki, bai manta da ita ba, ya aiko an ɗauke ta. Shi kuwa ko sau ɗaya bai taka Wemtenga ba.

Yanzu Maryamu za ta koma gida. 'Yan'uwanta sun zo, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya zaman kasuwa. Ƙarshen watan nan za ta mayar da makullin ɗaki. Iya ba ta da ƙarfin doguwar hanya, kuma ta ce ita inda aka binne mijinta za a binne ta. Ke nan nan da 'yan kwanaki tsohuwar nan ba ta da wurin kwana, karo na biyu.

Sai na sa hulata na bi mutanen nan uku. Gidan liman yanzu da ƙofar ƙarfe, da ɗakin baƙi na musamman. Na ce, "Malam, amanar mahaifinka ce fa." Ya ce lallai lamarin da ban tausayi, zai yi wa jama'a magana ranar Juma'a, kuma in yi haƙuri yana da ɗaurin aure. Fasto ya yi ƙiba, majami'arsa har da lasifika. Ya tuna Danladi, ya ce ɗan'uwa ne mai aminci, amma ita tsohuwar ai ba tasu ba ce, in kai ta wurin namu. Na ce masa shi mai amincin bai tambaye ta addini ba da ya ɗora ta a amalanke. Konseye ya ba ni kujera, ya yi mini Faransanci mai tsawo, ya ce in kawo takardar haihuwarta. Takardar haihuwar Iya Sa'a! Na ce ranka ya daɗe, wanda zai sa hannu a takardar ma ita ta wanke uwarsa.

Daga can Wemtenga na wuce, ina huci. Na zauna a rumfa na zazzage wa Maryamu komai. Na ce ga makiyayan mijinki nan, kamar shi ya zana su. Ta bar ni na gama, tana ta ninke kaya a buhu. Sannan ta ce, "Baba Shofer, kullum rabin karatun kake tunawa. Akwai saura."

Na sani sarai. Danladi yakan ci gaba, ni ne nake tashi in ce lokacin sallah ya yi. Bayan an gama da makiyaya, faɗan kan tumakin yake juyawa, waɗanda suka ci suka ƙoshi suka tattake sauran ciyawar, suka sha ruwa mai kyau suka dama ragowar da ƙafa, suka ture raunana da kafaɗa.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko shi Danladi, ko da yake ina jin ya sani. Kayan liman, ni na kwashe su. Kamyon wani abokina na karɓa, na yi sawu biyu. A sawu na biyu na ga Iya zaune bakin zaure da ƙullin kayanta a cinya. Akwai wuri a gaba kusa da ni. Na ce a raina ai tana da maigida, ba hurumina ba ne, na ta da mota. Shi ya sa da Danladi ya ce ka gan ta can, na kasa amsawa. Kuma shekara biyar ina zagin mutum uku a duk majalisar da na zauna, alhali a gidan da nake akwai ɗaki guda da babu kowa ciki sai tsofaffin tayoyi da kan injin da na san ba zai sake tashi ba.

Wannan bai wanke su ba, kada su karanta su yi murmushi. Su aka ba amana, su suka tsaya gaban jama'a suka yi rantsuwa, kuma in abin da littafin Danladi ya faɗa gaskiya ne, mai garken zai tambaye su. A namu ma haka muka ji, kowa za a tambaye shi kan abin da aka ba shi kiwo. Amma na gaji da jiran ranar, ita kuma Iya ba ta da wannan lokacin.

Danladi bai bar gida ba, bai bar rago ko ɗaya ba, kabarinsa ma sai Maryamu ta nuna ake ganewa. Abin da ya rage nasa shi ne tsohuwa guda da ba ta mutu a kan bulo ba, da tambayar nan tasa, ka gan ta can? Tun da ya yi mini ita ban sake yarda da ai tana wurin wane ba.

Shekaranjiya na fitar da tayoyin, matata ta share ɗakin ta shimfiɗa tabarma, tana mita tana yi. Jiya da safe na ɗauki taksi na je Wemtenga. Iya na zaune, Maryamu ta ɗaure mata ƙullinta, butar nan tana hannu.

"Wa ke nan?"

"Mamman ne, Iya. Shofer."

"Ɗan Hajo mai taurin kai? Liman ne ya aiko ka?"

Babu mai taka mini ƙafa yanzu. Na daɗe ina ajiye amsar nan, da zafinta. Na dubi Maryamu, ta kau da kai. Na sunkuya na ɗauki ƙullin.

Na ce, "A'a, Iya. Danladi ne ya aiko ni. Tashi mu je."