Na Ce Na Ga Isiyaku

Ni mutumin Ajingi ne. Ba zan faɗi sunana ba, saboda jikokina. Kafin in lalace noman gyaɗa nake yi, ranar kasuwa kuma in yi kamasho a tasha. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ciwona ɗaya ne, ɗan baffana Mamman.

Gida ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muke ci. Amma shi ya riga ni sauke Alƙur'ani, shi aka ɗauka ɗan doka a Gaya, shi ya fara sayen keke. Duk ranar da ya shigo gari da kaki, mutane suna tashi suna gaishe shi, ni sai abinci ya fita raina. Bai taɓa yi mini laifi ba. Wannan ma ya fi ba ni haushi.

Bayan yaƙin basasa ya ajiye kaki ya koma Kano, ya kama sana'ar kansa, neman mutanen da suka ɓata. Lokacin samari da yawa sun tafi birni cin rani ko sun shiga soja, babu labarinsu. Mamman ya san tashoshi, ya san asibitoci da kotuna, kuma ba ya gajiya da tambaya. Ya mayar da mutane da dama gidajensu, har aka sa masa Mamman Mai Cigiya. Ni kuwa sunana ya koma "ƙanin Mai Cigiya".

Wata ranar kasuwa wani dattijo daga Kademi, Malam Audu, ya same ni a tasha yana tambayar motar Kano. Ya ce ɗansa Isiyaku ya tafi dako a dalar gyaɗa a Kano, damina ta zo ta wuce bai dawo ba. Wurin Mamman za shi.

Na tare shi. Na ce, "Baba, Yaya Mamman yanzu sai masu kuɗi. Ka bar mini, ni ma aikin nan na iya shi."

Wallahi karon farko da gaske na nema. Na je Kano na zaga wurin 'yan dako, na leƙa Sabon Gari, ban samu komai ba, don ban san inda ake tambaya ba. A mota ina dawowa tunani ɗaya nake yi: idan na ce na kasa, gobe tsohon nan zai tafi wurin Mamman, Mamman ya samo yaron, gari ya sake ɗaukar zancensa.

Da na isa Kademi, Malam Audu ya tare ni a zaure, matarsa Inna Hajara tana tsaye bayan ƙofa. Na buɗe baki na ce, "Na gan shi. Lafiyarsa ƙalau. Kunya ce ta hana shi dawowa hannu wofi."

Inna Hajara ta rangaɗa guɗa. Aka yanka mini zakara. A ranar na ji daɗin da nake ganin Mamman yana ji, ban kuma so ya ƙare ba.

Daga nan labari ya bazu. Mutanen Toranke da na Gaya suka riƙa zuwa da cigiyarsu, kowa da abin hannunsa. Na daina ma wahalar nema. In shiga birni in ci mai kyau, in ɗinka riga irin ta Mamman, in dawo da gaisuwar ƙarya. Da Malam Audu ya matsa yana son ganin ɗansa, na ce Isiyaku ya faɗa rigima an tsare shi, sai an yi beli. Tsohon ya sayar da gonarsa ta fadama ya ba ni kuɗin.

Abin da ya tona ni godiya ce. Mamman ya zo Gaya ta'aziyya, Inna Hajara ta gan shi, ta durƙusa tana sa wa ƙaninsa albarka.  Ya tambayi kamannin Isiyaku, ya koma Kano ya bi sawunsa.

Ranar kasuwa ta gaba ya same ni a tasha, ya ja ni bayan wata mota. Idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Ƙanena, a ina ka ga Isiyaku?"

Na ce, "Yaya, baƙin ciki kake yi don na shigo sana'arka?"

Ya ce, "Buhunan gyaɗa ne suka zubo masa suka karya masa baya. Yana kwance a asibiti lokacin da ka ce ka gan shi. Ya daɗe a nan yana kiran innarsa, ma'aikata ba su san garinsu ba. Da rani ya rasu. Da ka bar tsohon nan ya iso wurina, da sun same shi da rai."

Na zauna a ƙasa.

Mamman da kansa ya ba da shaida a gaban alƙali. Iyalan da na yaudara suka cika kotu, wasu sai a ranar suka san ban taɓa ganin 'ya'yansu ba. Aka ɗaure ni. Ina gidan yari matata ta zo ta ce Mamman ne yake ciyar da su. Kun san abin da na fara ji? Haushi, don za a sake yabonsa. A ranar na gane ciwon da ke jikina ya fi sata muni, na yi kuka, na soma roƙon Allah ya cire mini shi.

Da aka sake ni, Kademi na fara zuwa. Malam Audu ya riga ya rasu. Na durƙusa a gaban Inna Hajara na nemi gafara. Ta ce, "Gonar na yafe maka. Amma kiran da ɗana ya yi ta yi mini ban amsa ba, wannan ba ni da ikon yafewa. Sai kun haɗu."

Ya ku samari, ni ba yunwa ce ta kai ni kurkuku ba, ɗaukakar ɗan'uwana ce na kasa gani. Idan kun ji ranku ya ɓaci don an yabi wani, ku tsorata tun a nan, ku yi masa addu'a ko da bakinku ya yi nauyi. Idan an ba ku aikin da ya fi ƙarfinku, ku ce ba ku iya ba, ku nuna wanda ya iya. Na tuba, na koma gona, na tsufa. Amma har yau ina shirya abin da zan ce wa Isiyaku, ban samu ba.