Gishiri Sau Biyu a Miyar Suna

Matar yayana ta daɗe tana cin fuskata da sunan wasa. Ni ƙanwar miji ce, kome ta faɗa mini sai a ce raha ce, in na ɓata rai ni ce ban san wasa ba.

Gaskiya ina da abin faɗa a jikina. Tun ina ƙarama hankalina ba ya zama wuri ɗaya. In ɗora tukunya, in fita ɗauko tsintsiya, in tsinci kaina ina wanki. Sai da na haura talatin wata likita a nan Yamai ta ce abin yana da suna, TDAH, larurar rashin tattara hankali, ba sakarci ba ne. Na yi kuka a cikin taksi har unguwarmu Lazaret. Daga nan na koyi dabara: ƙararrawar waya ga wuta, wata ga gishiri, kuma ba na barin madafa sai na kashe gaz. Shekara guda cur ban ƙona ko ruwan shayi ba.

Amma a gidanmu ba a manta shinkafar da na taɓa ƙonawa a wani biki ba, domin matar yayana ba ta bari a manta.

Da ƙanwata ta yi haihuwar fari, na roƙi Inna a ba ni tukunyar miya ranar suna. So nake a ga na canza. Inna ta yarda. Da safe na ɗaura zane na isa bakin murhu, sai na tarar da matar yayana riƙe da ludayi, mata sun kewaye ta. Na ce mata ni Inna ta ba tukunyar.

"Wa? Wagga da sai wayar portabul ta tuna mata gishiri?" in ji ta. "Ku ba ta albasa ta yanka, ita ba ta ƙonewa."

Aka kwashe da dariya. Na zauna da tiren albasa, zuciyata tana tafasa fiye da miyar.

Abin da ba ta sani ba, kan da ba ya zama wuri ɗaya yana ganin ko'ina. Ina yanka, ina jin kukan jinjiri, ina kallon wadda ke sakaye nama a leda. Na kuma ga matar yayana ta zuba gishiri, kwano guda, a babbar tukunya. Sai dangin mijin ƙanwata suka iso daga Maradi, ta ruga tarbarsu, aka yi ta gaishe-gaishe. Da ta dawo ta ɗaga murfi, ta tsaya jim. Na san wannan tsayuwar, ni ce mai ita.

"Ke, sarauniyar mantuwa, miƙo mini gishiri."

Na cika kwanon har ya yi tozo, na miƙa mata da hannu biyu. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba.

Da aka raba abinci, loma ɗaya kowa ya yi ya nemi ruwa. Kwanuka suka dawo a cike. Surukar ƙanwata ta ture nata ta ce, "Haka ake tarbar baƙi a Yamai?" Matar yayana ta rasa inda za ta sa kanta, ni kuwa na kalle ta na ƙoshi.

Da la'asar na shiga ɗaki na tarar da ƙanwata tana shayar da ɗanta tana hawaye, maganar surukarta ta riga ta iso mata. Inna ta biyo ni, ta ja ni wani ɗakin ta rufe ƙofa.

"Ke da ba abin da ke wuce idonki," ta ce a hankali, "ba ki gani ba?"

"Na gani, Inna."

Ta buɗe ƙofa, ta fita tattara kwanuka.

Matar yayana ban ba ta haƙuri ba, kuma ba zan ba ta ba. Ƙanwata ce har yau take tsammanin tsautsayi ne, yaron ga shi har ya fara tafiya, ni kuma na rasa bakin da zan gaya mata.