Firmino Mai Jirgin Baƙi Ya Riga Mu

Ranar Talata, sha biyu ga Agusta, da tsakar rana, Allah Ya karɓi ran Firmino Carapinha a tashar jiragen ruwa ta garinmu, Peniche. Ya dawo da baƙi 'yan yawon buɗe ido daga tsibirin Berlenga, ya riƙe hannun kowa har ya taka ƙasa, sannan ya sunkuya zai ɗaure igiya. Bai ƙara miƙewa ba. Likita ya ce zuciya ce. Ya rasu yana da shekara sittin da bakwai.

Ina cikin kantina ina naɗe wa wata Bajamushiya mayafin leshi aka zo aka faɗa mini. Na ce to. Na gama naɗewa, na sa mata a jaka, na yi mata godiya. Ta fita, wata ta shigo neman farantin ado, ita ma na sallame ta. Da yamma titin bakin ruwa ya cika kamar kullum, hayaƙin gasa kifi ya tashi, aka kunna fitilu, kiɗa ya fara. Na tsaya a ƙofa ina kallo. Ban ji komai ba, har yau kuma ban ji ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ko zan gane cewa da gaske ne.

Firmino, maƙwabcina, tare muka taso a layi ɗaya. Lokacin da kamun kifi ya daina ciyar da gida, kai ne na farko da ya yi wa jirgin mahaifinsa fenti ya koma ɗaukar baƙi. Aka yi ta yi maka dariya, wai ɗan masunci ya koma bawan masu gajeren wando. Ba ka kula ba. Kakan shiga da su kogwannin da ke jikin dutse, kana ba su labarai, rabi gaskiya, rabi kai ka ƙirƙira. Akwai wani baƙin dutse mai kumburarren baki da kullum kake ce musu surukarka ce, su yi gaisuwa kafin a wuce. Su kuwa sai su ɗaga hula suna dariya. Surukar taka ta ji labari, ta bi ka da tsintsiya har bakin coci, amma washegari ba ka fasa ba.

Da dare kakan ɗauki jitarka ka zauna a mashayar Dona Idalina. Muryarka ba ta da daɗi, kowa ya sani, kai ma ka sani, amma ba a rasa masu rawa. Idan ka ga matashi ya sha ya nufi katangar teku yana tangaɗi, sai ka ajiye jita a tsakiyar waƙa, ka kama kafaɗarsa ka raka shi masauki. Iyaye da yawa a ƙasashe masu nisa ba su taɓa jin sunanka ba, alhali kai ka mayar musu da 'ya'yansu.

Abin da ka yi mini kuwa daban ne. A damunar da guguwa ta kifar da jirgin su Aníbal, mijina, ba a ga gawar ko mutum ɗaya ba. Aka yi addu'a a coci ba akwati, aka watse. Daga nan na juya kujerata ta kanti ta ba teku baya, na daina bin titin bakin ruwa. Shekaru suka shuɗe a haka.

Wata safiya, tsakiyar Agusta, baƙi sun yi layi a gaban jirginka, ka ba su haƙuri ka sallame su duka. Sai ga ka a ƙofata.

"Maƙwabciya Ludovina, rufe kantin nan. Yau ke ce baƙuwata."

Na ce, "Ka haukace ne? A Agusta?"

Ka ce, "Farantanki ba ƙafa gare su ba. Taso."

Na iske sauran matan da ruwa ya ci mazajensu tare da nawa zaune a jirgi. Ka tuƙa mu har gari ya zama ɗan fari-fari a bayanmu, sannan ka kashe inji, ka cire hula.

"Ba zan yi muku ƙarya ba," in ji ka, "ban san ainihin wurin da jirginsu ya kife ba. Amma ba nisa da nan."

Wata ta jefa furanni. Ni ban zo da komai ba, sunan Aníbal kawai na kira, na kuma sake kira. A hanyar dawowa ka raba mana burodi da gasasshen kifi, na ci, na yi mamakin yadda yunwa ta kama ni. Tun daga shekarar ba ka taɓa tsallake wannan fita ba. Ta bana ka sa mana ita ƙarshen wata.

Valdemar, ɗan marigayi, na gan ka jiya tsaye a gefen jirgin da jakarka ta Faransa a hannu. Na san kun daɗe ba ku magana tun da ka ce a sayar da jirgin ya ƙi. Ka ji daga bakina: duk Bafaranshen da ya hau jirgin nan sai mahaifinka ya tare shi da cewa, "Ɗana yana Lyon, shi ke gina muku gadoji." Bai taɓa kai ƙararka wurin kowa ba.

Firmino, ɗazu Otília, matarka, ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a bakin gado, ta ce, "Ludovina, duk rigunansa gishiri ya cinye su. Zaɓo masa ta kirki a kantinki, a binne shi da ita." Na koma na daɗe a gaban kanta. Na ɗauko rigar ulu mai ruwan toka, wadda ta fi kowace kauri. Na san ba sanyi za ka ji ba, amma ita hannuna ya ɗauko.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Otília, da Valdemar, da 'yar marigayi Benedita da 'ya'yanta, da duk ma'aikatan tasha da suka ɗauke shi a kafaɗa. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rana. Kai kuma Firmino, Ubangiji Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya karɓe ka da hannu biyu. Idan ranarmu ta zo, Ya sa mu tarar da kai cikin salama. Amin.