Daɓen Ɗakin Inna

Yayana ne ya kawo abin daga Kano, gwangwani biyu, ya ce sunansa efoksi. Ana haɗa ruwan ɗaya da na ɗayan a malala bisa siminti, in ya bushe sai ya yi ƙyalli kamar madubi. Ya malala shi a ɗakin Inna, a gidanmu na Magarya, ba tare da ya tambaye ta ba.

Ƙyalli kam ya yi. Inna in za ta shiga sai ta tattare zaninta, don idonta na gaya mata ruwa ne kwance. Tabarmar sallarta ta riƙa zamewa, ta tayar tana fuskantar gabas ta sallame ta ɗan karkata kudu. Ranar da santsi ya zaunar da ita da ƙwaryar fura a hannu, ta kira mu.

"Ku cire mini kayanku," ta ce.

Yaya ya so ya zuba isansi, wato fetur, ya kankare. Na matsa masa ya kira wanda ya sayar masa. Mutumin ya ce in muna son ɗakin da rayukanmu, kada mu soma. A buɗe ƙofa da taga, a sa safar hannu, a rufe hanci da ido. A hura wa wurin iska mai zafi kaɗan-kaɗan har ya yi laushi, sannan a kankare. In siminti ya huce, a goge saura da asiton, ruwan goge fenti, kada wuta ta kusanto.

Muka aro na'urar hura zafi wajen mai gyaran salula. Murhun Inna ya koma gidan maƙwabta, ita ma ta bi shi. Tabarau kuwa na baƙin gilashi muka samu, irin na 'yan kabu-kabu. Haka muka durƙusa, ni ina hurawa Yaya na kankara, in wari ya yi yawa mu fita mu sha iska. In an ɗauke kuran, wato lantarki, mu zauna ƙofar ɗaki har a maido. Ɓawon muka tara a gwangwani mai murfi saboda awaki.

Siminti ya fito duk tabo. Inna ta taka da ƙafa, ta murza, ta ce Allah ya yi mana albarka.

Da zan koma Dungas wajen aikina, Yaya ya raka ni tasha. Ya ce akwai saura a gwangwani, ko ɗakina na so. Na ce haya nake.