Tsohuwa da Zannuwan Tebur

"To, sai manaja ya ce mini wai na'ura ta ce sanyin ba zai sauko ba sai Talata. Na ce masa na'urar tasa tana da gwiwa ne?"

Goggo Ermelinda ke nan, a tsaye gaban rumfata ta sayar da kofi a ƙofar lambun fada. Na turo mata kujera, ta ture da ƙafa. Shekara talatin da huɗu tana kula da itatuwan lemun tsami na tsohuwar fadar sarakunan nan ta bayan birnin Torino a Italiya. A manyan tukwane suke, kuma duk shekara kafin raɓa ta fara daskarewa tarakta kan ja su zuwa dogon ɗakin da sarakuna suka gina musu. Bana sabon manaja ya ce a bar su waje har Lahadi, saboda baƙi suna son ɗaukar hoto da su. Makullin taraktar kuwa yana aljihunsa.

Ta kurɓi kofi, ta leƙa sama, ta ajiye, ta sake leƙawa. Wasu baƙi suka tambaye ta hanyar ɗakin karagar sarki, ta nuna musu da haɓa. Sau biyu kacal ta taɓa shiga can, ta ce babu abin da ke tsirowa a ciki.

Sauran itatuwan za su jure dare ɗaya, in ji ta. Damuwarta Tsohuwa ce, bishiyar da ta girmi kakanta, wadda tun bara ganyenta ke zuba. Gwiwar Goggo kuma tun safe take sara, alamar yau da dare sanyin zai sauko, kamar shekarar da suka yi asarar guda tara.

Na ce ko ta koma ta lallaɓa manaja.

"Lallashi na masu sayar da kofi ne, Fulvio." Idonta ya sauka kan teburana. "Zannuwan nan nawa ne?"

"Takwas, Goggo. Jiya aka wanke su."

"Madalla, Tsohuwa ba ta son datti."

Kafin in kwashe kofuna ta yaye uku. Na tambaye ta me zan ce in manaja ya ga itacensa naɗe da zane mai jan ratsi.

"Ka ce ya ɗauke ta hoto."

Ta saɓa zannuwan a kafaɗa, ta tsinke igiyar labulena, ta bi hanyar tsakuwa tana ɗingishi, tana ƙwala wa mai shara kira ya kawo tsani.