Tabarau ɗin Gadon Malam Amiru

Malam Amiru na Ƙofar Durbi ɗinkin hula ya gada, limanci kuwa ɗora masa aka yi, don ya fi duk mazan layin iya karatu. Shekara ashirin yana jan salla a masallacin unguwa ba wanda ya ji kansa, sai da wuyansa ya ƙage.

Shekara uku fa! In zai yi sallama sai ya juyo da gangar jiki dukanta, kamar tirela za ta sha kwana. Wanzami ya yi masa ƙaho har ƙeyar ta koma rariya. Man zafi kuwa, ko sauro ya daina shiga ɗakinsa. Dattawan layi suka fara ƙus-ƙus a nemo wani limamin, maganar ta dawo kunnensa, tuwo ya daina wucewa.

Matarsa Mero ce ta tasa ƙeyarsa zuwa asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi, ba karaya, ba wani abin tashin hankali. Likitar gashin ƙashi, wata Hauwa'u, ta miƙa masa takarda ya karanta. Malam ya gyara tabarau, ya ɗage haɓa sama kamar zakara na shan ruwa.

"Baba, wa ya auna maka tabarau ɗin nan?"

"Auna mi? Na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa."

"Har da idonsa ka gada?"

Mero ta tuntsire da dariya har mayafi na zamewa. Ashe gilashin hawa biyu ne, ta ƙasan kawai yake gani, da haka yake ɗinki da karatu wuni guda, wuya a lanƙwashe.

Aka auna masa nasa. Aka koya masa motsa wuya safe da yamma, da gashi da tawul mai ɗumi, aka raba shi da matashin kai biyu, aka ce ya riƙa miƙewa daga ɗinki. Ya yi ta mita, amma ya yi.

Wata biyu, ranar wata Laraba da la'asar, ya zo sallama, ya waiga dama, ya waiga hagu, sumul! Masallaci ya ɗauki hamdala, wani har da rungumarsa. Shi ko Malam ya ci gaba da waige har baya, ya hangi dattawan layi huɗu da suka makara suna cikon raka'a, har da Alhaji Babaji.

"Af! Alhaji Babaji, dama haka kuke mini?"